Yatsa Ɗaya a Bikin Kurfi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da jitata ta tona min asiri a gaban Kawu Sale ba. Kawu ƙanin mahaifiyata ne, makaɗin garaya a Kurfi, kuma tun da na sayi jita yake ce mata "katakon ado".

Ina koyarwa a Dutsin-Ma lokacin. Wata shida ina fama da jitar, yatsuna sun ƙi lanƙwasuwa yadda ake so. Wata Asabar ina zaune a bakin madatsar ruwa ta Zobe, don haushi na kama murɗa kunnuwanta, na sassauta tsirkiya uku. Ina shafa ta sai wani amo mai daɗi ya fito, ni kuwa ban danna komai ba. Na kwantar da yatsa ɗaya a kan wuyanta, na ja shi sama, na dawo da shi ƙasa. Kai! Kowane wuri da irin nasa zaƙin, har da wani mai kauri kamar na garaya.

Shi ke nan na zama gwani. (Gwanin yatsa ɗaya, amma wa zai sani? Sauran yatsun ina ta karkaɗa su a iska don masu kallo.) Ban gaya wa kowa na canza saitin ba. Duk wanda ya tambaya sai in ce, "Baiwa ce."

Da bikin ɗan Kawu ya zo, na je na kaɗa masa jitar, na cika baki cewa zan fitar da kiɗansa a jita. Ya ce, "Tau, in ka iya, kusa da ni za ka zauna." Wallahi tun ina ƙarami nake son wurin nan.

Ranar, na iso a kan babur, na jingine jitar a rumfa na tafi sallar La'asar. Ina dawowa sai Bashir, abokin ango wanda shi ma yana taɓa jita, ya tare ni da fara'a.

"Malam, babur ya sassauta maka tsirkiyoyi, amma na gyara maka su tsaf da wayata."

Na dubi jitar. Ban san hanyar komawa wancan saitin nawa ba, don tun ranar Zobe ban sake taɓa kunnuwan ba. Ga mutane sun cika tabarmi, ga Kawu ya matsa min wuri. Maimakon in faɗi gaskiya, sai na ce, "Madalla, na gode." (Ku ji fa, har da godiya.)

Na zauna, na gyara hula, na kwantar da yatsan nan nawa. Abin da ya fito kamar an ja tsohuwar ƙofar langa-langa. Na ja sama, ya ƙara muni. Wata tsohuwa daga bayan zana ta ce, "Lafiya dai ko?" Gumi ya jiƙa min sabuwar shadda, kunya kamar in nutse.

Kawu bai yi dariya ba. Ya ajiye garayarsa, ya miƙo hannu. Mutumin da bai taɓa riƙe jita ba ya kara kunne, yana murɗawa yana saurare, har amon nan na bakin Zobe ya dawo. Ya miƙo min ita, ya ce a hankali, amma yadda na kusa za su ji:

"Ungo. Sa yatsan naka guda mu tafi. Sauran ka bar su su huta, tun zuwanka na farko nake tausayinsu."

Ashe ya sani tuntuni. Muka yi kiɗan tare, kuma ya yi daɗi, duk da kaina na ƙasa har muka gama.

Yanzu duk wanda ya tambaye ni, saitin nake fara nuna masa kafin kiɗan. A Kurfi kuwa ba wanda ke kiran sunana na yanka. Malam Yatsa Ɗaya suke cewa, ni ma amsawa nake.