Rasuwar Dattijuwa, Kwamfutar Ƙarƙashin Tebur

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma zargin da ya ƙi kwanciya, babban injiniyan ofishin nan, wanda kowa ke kira Kawu, yana sanar da rasuwar Dattijuwa, kwamfutar da ta shekara tara a ƙarƙashin teburinsa. Ta cika ranar Litinin da hantsi, saura kwana uku a miƙa wa masu shagunan magani manhajar da aka yi musu alkawari.

Ga wanda bai san marigayiyar ba, aikinta ɗaya ne. Kawu zai rubuta mata tsarin bayanai: kowane magani yana da suna, da lamba, da ranar lalacewa. Ita kuwa sai ta yi gyaran murya, "gurrr", ta zubo duk tambayoyin da manhajar waya za ta aika wa rumbun bayanai, da irin amsar da rumbun zai mayar. Abin da mutum uku za su yi mako suna rubutawa da hannu, kafin shayin Kawu ya huce ta gama. Ba ta taɓa neman hutu ba, ba ta taɓa kai gulmar kowa wurin Manaja ba. Dabarar da take aiki da ita Kawu ne ya rubuta tun yana da gashi a ka, kuma bai taɓa kwafe ta a ko'ina ba, don ya san halin mutanen ofis: ka ba su yau, gobe su ce ba a bukatarka. Da dabarar a cikinta Dattijuwa ta tafi, kuma rabin tambayoyin manhajar ba su fito ba.

Jinyar ba ta yi tsawo ba. Manaja ya ce a nuna madadin kowane magani. Wani hannu ya rubuta a tsarin cewa madadi ma magani ne, bai sa iyaka ba. Ke nan magani yana da madadi, madadin ma yana da nasa, shi ma na ukun haka. Baiwar Allah ba ta iya ƙin aiki ba. Ta yi ta bin su ɗaya bayan ɗaya, fankarta na kuka, jikinta ya yi zafi kamar dutsen guga. Ta ce "tit, tit", allo ya yi baƙi.

Rajistar da ke adana sunan duk wanda ya taɓa tsarin ta nuna cewa da sunan Kawu aka shigar da layin. Kawu ya ce wannan ma ita ce babbar shaidar makirci. Gaskiya ne kalmar sirrinsa tana manne a gefen allo, amma mutumin kirki ba ya karanta abin da ba a ba shi ba. Idonsa ya fi tsayawa kan sabuwar injiniya, Mai Gilashi, wadda tun zuwanta take cewa a koma kayan zamani. Ita ta fara yi masa gaisuwa, "Sannu Kawu, Allah ya ba da haƙuri", kuma saurin gaisuwar bai kwanta masa ba. Manaja ma ya yi atishawa wajen addu'a, Kawu kuwa ya rantse dariya ce ya haɗiye. Baba mai shara ya ce shi tsintsiyarsa ba ta isa wurin ba tun bara, an karɓi uzurinsa na wucin gadi.

Marigayiyar ta bar allo ɗaya, da madannai da harafi biyu suka goge, da linzami mai ɗingishi, da marayun tambayoyi ɗari da arba'in da babu mai ba su amsa.

Za a ɗauki gawa gobe da safe zuwa shagon mai gyara, inda za a buɗe cikinta a gaban Kawu, don shi ma mai gyaran ba a san da wa yake gaisawa ba. Abin da ya rage za a naɗe shi a kwalinta na asali, a ajiye a saman kabad.

Zaman makoki a teburin Mai Gilashi za a yi, daga yau har Alhamis. Ita kaɗai ce a ofishin ta iya rubuta tambayoyin nan da hannu. Kawu ya shekara tara bai rubuta ko ɗaya ba, ya manta sarai. Ya riga ya ja kujerarsa kusa da tata, da biro da littafi, yana kiranta Malama. Zargi dai bai janye ba.