Rasuwar Gidan Sauron Tagar Gabas

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ɗan wurin da ya rage kuma haushi ya cike shi, ni Apenisa mai hoto, na titin bakin teku a Levuka, nake sanar da rasuwar gidan sauron da ke rataye a tagar gabas ta shagona. Ya cika ranar Talata a cikin bokiti, bayan shekara talatin da takwas a bakin aiki, saura kwana tara in miƙa wa ɗana Viliame makullin shago kamar yadda na yi alkawari.

Marigayi ya shigo gidana cikin kayan auren matata Mereoni, Allah ya jiƙanta. Bai daɗe yana tare sauro ba, rana ya koma yi wa tarbiyya. Ninki biyu nake masa, hasken safe ya ratso shi ya sauka kan jariri a hankali kamar hannun kaka. Iskar teku da hayaƙin ɓawon kwakwa suka rine shi ya koma launin shayi da madara. Wannan launin kuwa shi ke rufa wa ɗan kwana bakwai asiri: jan fuska, saɓar fata, ƙuraje, duk ya shanye. Bai taɓa tada yaro daga barci ba. Maganarsa ɗaya ce in iska ta taɓa shi: shuu, shuu.

Jinyarsa ta fara ranar da Viliame ya dawo daga makarantar hoto a Brisbane, ɗauke da laima mai ciki kamar madubi da fitila mai walƙiya. Ya dubi marigayi ya ce, "Baba, wannan tsumman ko kifi ba zai kama ba, datti ne zalla." Na ce masa da tsohuwar zuma ake magani. Ina asibiti ana duba idona ya sauke shi ya jiƙa a bilic, wai ya yi fari. Da ya ɗago, rabi ya biyo hannunsa, rabi ya kwanta a bokiti kamar kunu. Garin neman gira an rasa ido.

Ya rasu ya bar ƙusa biyu a bango, da taga tsirara, da jarirai sama da dubu, wasu har sun fara sanƙo. Cikinsu har da wanda ya kashe shi, wanda aka haifa da kai kamar gwanda, marigayi ya lallaɓa shi har uwarsa ta yarda aka rataye hoton a falo.

Wadda ba ta samu albarkarsa ba ita ce jikata Litia, 'yar Viliame, 'yar kwana shida. Ubanta ya haska mata laimarsa ranar Laraba. Ta tsala ihu, hoto ya fito kamar kwaɗon da aka feɗe. Tun ranar surukata, uwar yarinyar, take gaba da shi.

Za a yi jana'iza Asabar da safe a bayan shago, gindin ayaba. Masu ta'aziyya su zo da tabarma, za a dama yangona, garin saiwar nan da muke sha a taro, a sha. Viliame ne zai haƙa kabari. Ya iya ɓarna, mu ga ko ya iya rami. Hoton Litia na faɗaɗa shi, zan kafa a ƙofar shago, da sunan wanda ya ɗauka a ƙasa da manyan baƙaƙe.

Makulli kuwa za a naɗe shi cikin marigayi a binne su tare. Mai son gado ya san inda shebur yake.