Ranar da Na Harbo Hular Surukina

Ba zan taɓa mantawa da walimar sunan nan ta garin Bowie, kusa da Washington, ba, ko da kuwa na so in manta.

Aikina fassara labarai da karanta su a sashen Hausa na wani gidan rediyo a Washington. A makon da mahaifin matata Hadiza ya zo mana daga Kano, na karanta rahoton wani gwajin sojojin ruwa: an harba makami mai linzami, jirginsu ya kakkaɓo shi a sararin sama. Na karanta da isa, kai ka ce ni na ƙera jirgin (alhali ko teku na je, iyakata idon sawu).

Ranar walima muna zaune kan tabarmi a bayan gida, sai Baba, surukin nawa, ya dubi sauran dattawa ya ce, "Ga mijin Hadiza nan, shi ya faɗa a rediyo. Malam, yaya makami ke samun makami a sama?"

Tun aurenmu nake fama mutumin nan ya yarda 'yarsa ba sakarai ta aura ba. Na gyara durƙuso, na sunkuyar da kai, na fara: na'urar jirgin ce ke hango makamin ta yi ta bin sa, kwamfuta ta lissafa inda zai bi, sai a harba na biyu ya tare shi a can gaba.

"To wa ya harbo na farkon?"

"Su ne, Baba."

"Na biyun fa?"

"Su ne dai."

"Ikon Allah! Su harbi kansu, su tare kansu, su kuma yi murna?"

Nan kaina ya ɗaure tamau. Wallahi ni ma sai na ji maganar ta daina shiga hankali. Maimakon in ja bakina in yi shiru, sai na ɗauko lemo biyu, na miƙa ɗaya ga Dakta Sani, mai gidan, na ce ya cilla sama, ni zan tare.

"Sirrin duka, Baba, kada ido ya bar abin da aka harbo."

Ni na faɗa da bakina. Amma wa zai ɗaga kai yana zazzare ido a gaban suruki? Ina kallon tabarma na wurga nawa.

Lemon Dakta ya sauka lafiya lau a kan ciyawa. Nawa kuwa, tau! Hular Baba ta yi sama, ta dira cikin kwanon miyar taushe.

Baba ya shafa sanƙonsa (wanda Hadiza ma ta ce ta manta yana da shi), ya dube ni ya ce, "Wannan fa, Malam, a rediyo cewa za ku yi an yi nasara?"

Dattawa suka kwashe da dariya, har da masu riƙe ciki. Ni kam na so ƙasa ta tsage in shige. Har muka isa gidanmu a Hyattsville kafaɗun Hadiza na ta rawa don dariya.

Yanzu abin da na karanta a rediyo, a rediyo nake barin sa. In suruki ya yi tambaya, "Allah ne masani, Baba" cikakkiyar amsa ce, kuma ba ta taɓa jefa hular kowa a miya ba.