Ranar da Na Sansana Bakin 'Yan Koyo

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na jera 'ya'yan mutane ina sansana bakinsu ba. A Tambuwal ne, shekarar da aka samu mulkin kai. Uwar mijina, Inna, tana sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, har daga Jabo da Fakku ake kawo mata 'yan mata su koya. Da ciwon ƙafa ya zaunar da ita, sai ta ce in riƙa kula da su. Ni kuwa ban girme su da wani abin kirki ba, ga goyo a baya, ga fargabar kada a ce surukar gida ba ta iya komai ba. Don haka na ɗaure fuska tamau (har murya na sauya, Allah Ya yafe mini).

Sai ƙuli ya fara raguwa. In na kwashe daga kasko na zuba a faifai bisa dakali ya huce, da na juyo sai in ga gurbi. Na kafa doka: wadda aka kama ta koma gidansu.

Ran nan na ce su jeru, kowacce ta buɗe baki ta huro. To, wa zai yini gidan ƙuli bai yi ƙamshin gyaɗa ba? Amma na tsaya kan Ige, 'yar Fakku, don ita ce mai yawan dariya.

"Yaya, wallahi ban taɓa ba."

"Je ki ɗaure kayanki."

Ta fara kuka, yarona ya taya ta. Inna ta dogaro sanda ta leƙo, ta ce, "Ke, sauke yaron ga ki ba shi nono, mu ji da kuka guda."

Ina kwance majanyi sai ƙuli ya zubo, wani ya gangara har gaban Inna. Ashe duk lokacin da na juya wa faifai baya ina zuba musu faɗa, malamin yana miƙa hannu yana cusawa tsakanin cikinsa da bayana. (Na sha jin abu yana sukata, na ɗora wa kuɗin cizo.)

Inna ta ɗauki ɗaya ta hure, ta ce, "To ɗiyata, wa ka komawa gidansu, ke ko shi?"

Ba wadda ta yi dariya, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Na ba Ige haƙuri a gaban kowa, ta zauna har ta ƙware. Tun daga ranar, in abu ya ɓace, sai na kwance zanena na kakkaɓe kafin in kalli fuskar ɗiyar wani.