Aljanar da Na Kulle a Sito

Duk abin da zan manta a rayuwata, ba zan taɓa mantawa da watana na farko a kantin Alhaji ba. Ko na so in manta ma, mutanen ƙauyen ba za su bari ba.

Ni ɗan cikin birnin Kano ne. Bayan na gama difloma na yi wani kwas na wata uku na koyon kula da kanti, inda aka koya mana jera kaya, duba ranar lalacewarsu, tsafta, da tafiyar da ma'aikata. Ranar da na karɓi satifiket ji nake kamar lasisin gyara duniya aka ba ni. Wani Alhaji mai kantunan kayan masarufi ya ɗauke ni, ya tura ni reshensa da ke wani ƙauye gaba da Gezawa a matsayin sufabaiza. Sharaɗinsa ɗaya ne, gwajin wata guda. In ya zo ya gamsu, aiki ya zama nawa, in bai gamsu ba in tattara in koma gida. Gidan kuwa shekara biyu na yi ina zaman kashe wando a cikinsa, ga shi mahaifiyata ta riga ta shaida wa unguwa kaf cewa ɗanta ya zama manaja.

Kantin a bakin titi yake, amma bayansa gona ce har jikin bango. In ka buɗe ƙofar baya ta sito, wata tsohuwar tsamiya za ka fara gani, sai dawa da ta fi mutum tsawo. Ma'aikata biyu na tarar, Malam Sa'adu wanda ya kai sa'an babana, da Talatu mai sallamar masu saye. Ranar farko na kira taro (mutum biyu, amma sai da na ce taro), na sanar da su cewa ba na son in ƙara jin "da haka ake yi" daga bakin kowa. Malam Sa'adu ya ce to, ranka ya daɗe. Har cikin raina na ji daɗin wannan ranka ya daɗe ɗin.

A zagayen da na yi ne na tarar da wata ƙwarya a bakin ƙofar baya, cike da sharar sito: shinkafa da wake da masarar da ke zubewa daga buhuna, haɗe da ƙasa. Na ce wannan ai gayyatar ɓeraye ce. Na sa aka jefar da ƙwaryar, na ce daga yau shara bola za ta tafi, na kuma karɓe makullin ƙofar na zuba a aljihu. Malam Sa'adu ya buɗe baki zai yi magana, na ɗaga masa hannu kamar yadda malaminmu na kwas yake yi. Ya mayar da bakinsa ya rufe.

Lokacin kaka ne. Bayan azahar kowa yana gona, garin yakan yi tsit, ba ka jin komai sai kukan kurciya. A irin wannan lokaci nakan zauna a ɗan ofishina ina kallon allon kamarorin tsaron kantin, musamman wadda ke kallon baya. Wata rana ina ɗaga kai sai na ga mace tsaye ƙarƙashin tsamiyar. Fararen kaya ne a jikinta, mayafi ya sauko ya rufe fuskarta, ta fuskanci ƙofar sito ba ta motsi. Na jira ta ƙwanƙwasa ko ta yi sallama, ba ta yi ba. Da ƙyar na tattara ƙarfin hali na je na buɗe, ban tarar da kowa ba, sai ganyen dawa da ke kaɗawa alhali babu iska.

Washegari ta dawo, daidai wannan lokaci, ta ɗan matso. A rana ta uku na ga abin da ke hannunta na dama yana ƙyalli. Wuƙa ce.

Na san za ku ce me ya hana ni tambaya. To, ta yaya mutumin da ya hana a gaya masa yadda ake yi a da zai je ya ce wa na ƙasa da shi yana ganin mace a kamara? Sai na bi ta bayan gida, na tambayi Malam Sa'adu ko tsamiyar nan ta daɗe. Ya ce ta girmi ƙauyen, kuma tun tasowarsa bai taɓa ganin wanda ya sari reshenta ba. Wannan amsa ita ta ƙarasa ni. Na sayo hayaƙi a kasuwar Gezawa ina turara sito a ɓoye, ina yawo tsakanin kantoci ina karanta Ayatul Kursiyyu (har Talatu ta fara gaya wa mutane sabon sufabaiza waliyyi ne). Abinci ya daina shiga. Wata rana ina cikin sito ni kaɗai na ji an ɗora tafin hannu a jikin ƙofar ƙarfen daga waje, a hankali, an bar shi a nan. Ina jin numfashin mutum ta kafar ƙofa. Tsoron da na ji ranar ban taɓa jin irinsa ba.

Ranar da wata ya cika, Alhaji ya ce zai iso da la'asar. Sito kuwa sai warin hayaƙi yake, don haka na buɗe ƙofar baya don iska ta shiga, na tafi gaba ina gyara jerin gwangwanayen madara. Da na dawo na ji wani sauti, ƙyas, ƙyas, kamar ana kankare wani abu. Na leƙa. Tana ciki, durƙushe tsakanin buhuna, tana kankarar siminti da bakin wuƙar. Sai ta ɗago kai.

Ban san lokacin da na banko ƙofar ciki na sa sakata ba. Na fita ta gaba a guje, na zagaya, na ja ƙofar baya na datse da kwaɗo, na miƙe sai masallaci, takalmi ɗaya a ƙafata. Mutane na alwala na faɗa tsakiyarsu ina haki, na ce a taimaka, na kama aljana a sito. Liman ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Aljanar da kwaɗo ke riƙewa, Malam?" Duk da haka suka biyo ni, wajen mutum ashirin, wani har da taɓarya. Muna isa motar Alhaji na tsayawa.

Alhaji ya saurari bayanina. Ya karɓi makulli ya buɗe da kansa. Tsohuwa ce zaune a ƙasa, ta ɗaure 'yar shinkafar da ba ta cika tafin hannu ba a bakin mayafinta. Alhaji ya cire takalmi, ya durƙusa ya ce, "Inna Kande, ya ƙarin haƙuri?"

A nan Malam Sa'adu ya samu damar faɗin abin da na hana shi faɗa. Matar Malam Haladu ce, maigadin kantin da ya rasu ana saura 'yan makonni in zo. Shekara da shekaru shi yake kai mata sharar sito, ta sheƙe, ta tsince, su dafa. Da ya rasu aka ci gaba da ajiye mata a ƙwarya, tunda ba ta da kowa a kusa. Takaba take yi, shi ya sa ba ta yi wa baƙon namiji magana, wuƙar kuma al'adarsu ce mai takaba ta riƙe. Lokacin da gari ya watse take fitowa don kada a gan ta.

Ita kuwa ƙasa take kallo. Ta ce wa Liman a hankali, "A yi haƙuri, ban taɓa buhu ba. Na ƙasa kawai na tsinta." Sannan ta ƙara da cewa, "Yaron nan ya firgita, a ba shi ruwa."

Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Na so ƙasa ta tsage in shige. Alhaji ya tambaye ni kwana nawa na yi ina ganin ta, na ce goma sha ɗaya. Ya ce, "Kwana goma sha ɗaya tsohuwa na tsaye da yunwa a bayan kantina, kana da ido, kana da baki." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma har yau in na tuna sai na ji zafinsa.

Bai kore ni ba, bai kuma tabbatar da ni ba. Ya ce gwajina sai ranar da ta fita takaba, kuma duk Juma'a ni zan ɗauki shinkafa da wake masu kyau daga kanti in kai ƙofar gidanta, a ƙafa, ta tsakiyar gari. Haka na yi ta yi wata biyu da wani abu, mutane na gaishe ni daga bakin zaure suna tambayar ya jikin aljanar. Mahaifiyata kuwa na ce mata an ga ƙwazona ne aka ƙara mini horo.

Aikin dai na samu daga ƙarshe, tare da sunan Mai Aljana da ko a kasuwar Dawanau aka taɓa kira na da shi. Yanzu in an turo mini masu koyon aiki da sabon satifiket, abu biyu nake fara gaya musu. Kafin ka zubar da abin da ka tarar a wuri, tambayi wa yake ci daga ciki. In kuma ka ga aljana, fara yi mata sallama.