Damisar Dede Ikwuagwu Ta Zube a Fili

"Ni fa tawadata ko a jikin kifi na buga ta sai ta zauna!" Haka Dede Ikwuagwu yake faɗa wa duk wanda ya ratsa layinmu na masu buga riguna a Aba. Abokina, ka san irin mutumin nan da in ya yi tari sai ya jira a tafa masa? To shi ne. Sarkin Tawada, in ji shi. Mu kuwa Uban Surutu muke ce masa.

Ran nan Madam Ulomma, mai sayar da busasshen kifi, ta kawo rigunan ƙungiyar ƙwallon da take ɗaukar nauyi, irin masu talewa kamar danƙo. Tana so a buga damisa a ƙirji, saboda wasan ƙarshe ne.

"Dede, yadin nan yana miƙewa fa. Kana da maganin da ake gaurayawa don tawada ta bi shi?"

"Magani? Madam, tawadata ciwo take yi?"

Ya kwaɓa irin tawadar da ake buga wa buhun shinkafa, ya shimfiɗa ragar buga zane a kan riga, ya ja. Damisa ta fito fes. Sai mai tsaron gida, Ogbuagu, wani ƙato mai tumbi kamar randa, ya zura riga. Ƙararas! Damisa ta tsage daga kunne har wutsiya.

"Laifin tumbinka ne," in ji Dede. "Kuma tawadar kauri ta rasa."

Ya ƙara shafi a kan shafi, har rigar ta iya tsayuwa da kanta ba mutum a ciki. Da ta ƙi bushewa, ya ɗora mata dutsen guga ja wur. Sai ƙauri, sai rami daidai kan damisar.

"Dede, ina kan?" in ji Madam.

"Ta leƙa ciki ne. Sabon salo."

Madam ta riƙe haɓa. "Sauran fa?"

"Sauran lafiya lau. Sai dai da sharaɗi." Ya tara 'yan wasa, ya gyara murya. "Ba ɗaga hannu. Ba dogon numfashi. Wanda ya ci akpu, tuwon rogon nan, da yawa ya zauna a benci."

Ranar wasa yaran suka shigo fili a sanƙare kamar masu ɗauke da ƙwai a hammata. Dede yana bakin layi da sabuwar hula, yana nuna wa jama'a ƙirazansu: "Aikina ne! Shagona na nan bayan masu ɗinki!"

Ana cikin haka sai Allah ya ba su ƙwallo a raga. Murna ta kwashe su, suka manta da sharaɗi. Aka ɗaga hannuwa, aka rungumi juna, aka bi ƙasa da ƙirji. Sai ka ji ƙas-ƙas-ƙas kamar ana taka ɓawon gyaɗa. Da suka miƙe, babu damisa ko ɗaya. Ga ido can, ga farce nan, ciyawa duk ta yi ɗige-ɗige.

Alƙalin wasa ya hura usur, ya tsayar da wasa. Madam Ulomma ta karɓi tsintsiya hannun mai sayar da lemo, ta ratsa jama'a, ta danƙa wa Dede.

"Jeka tattaro dabbobinka, Dede. Mutane na jira su ga ƙwallo."