Miyar Kuka a Jirgin Ƙasa

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, wasu da gangan. Amma ba zan taɓa mantawa da ranar da na ɗauki miyar kuka na shiga jirgin ƙasa zuwa filin jirgin sama na Dulles ba. Har yau in na buɗe daddawa sai na sunkuyar da kai, ko da ni kaɗai ne a ɗaki.

Ni mutumin Ɗambatta ne. Ban yi boko ba. Na yi dako a kasuwa, na bi manyan motoci, na kwana a tashoshin da ko kare ba zai kwana ba, har Allah ya jefo ni Amurka. Shekara goma sha bakwai ke nan. Ban koma gida ba, don takarduna irin waɗanda in ka fita ƙofa ta rufe ne. Aikina shara da goge-goge a wani dogon ginin gwamnati a cikin Washington. A gida kuwa abin da aka sani shi ne ina aiki a ofishin gwamnati. (Ban yi ƙarya ba. Ofis ne, kuma na gwamnati ne. Ba wanda ya tambaye ni abin da nake riƙewa a hannu.)

Ni ne ɗan fari a wurin Inna. Saboda kunyar ɗan fari ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma taɓa tambayata kai tsaye ko ina cin abinci ba. In na kira waya sai ta ce, "Ana lafiya?" In ce, "Lafiya lau, Inna." Ta ce, "To madalla," ta miƙa wa ƙanwata wayar. In kiran bidiyo ne sai ta kawar da kai tana kallon bango. Ta ce wa ƙanwata hoton waya ba gani ba ne.

Wata rana ƙanwar tawa ta kira. Ta ce Hajiya Ladi, maƙwabciyarmu kuma aminiyar Inna, za ta zo Amurka wurin 'yarta da ta haihu a Ohio. Za ta sauka a Dulles da rana, ta yi awa uku kafin ta canja jirgi.

"Inna ta ce a gaya wa mutumin can ya je ya gaishe ta."

Na gane. Gaisuwa sunan abin ne kawai. Ido Inna ta aiko. Abin da Hajiya ta gani shi Inna za ta gani, kuma da shi za ta zauna har sai ranar da Allah ya yi.

Na ɗauki hutun ranar. Na fito da farar babbar rigata ta shadda, wadda na ɗinka tun wata Sallah ban taɓa sawa ba, na sa mata sitaci na goge ta har tana iya tsayawa da kanta. Da hantsi na tuƙa tuwon shinkafa, na kaɗa miyar kuka, na zuba man shanu. Ba a tarar baƙo hannu rabbana, balle wanda ya kwana yana cin abincin jirgi. Na zuba tuwon a langa ɗaya, miyar a wata, na ɗora su, na ɗaure da ƙyalle kamar yadda Inna ke ɗaure abincin gona. Ina da robobi masu murfi da yawa a kicin. Ban dube su ba. So nake in Hajiya ta kwance ƙyallen nan ta ga gida.

Daga inda nake zaune, kusa da College Park, hanya biyu ce zuwa Dulles. Ko mota, ko jirgin ƙasa da za ka canja sau ɗaya a tsakiyar gari. Abokina Isufu, mutumin Maraɗi, tasi yake ja, kuma shi ya ce zai kai ni kyauta tunda can ya nufa neman fasinja. Ya iso ƙofar gida a kan lokaci. Ya dube ni daga hula har takalmi.

"Ango, ina amarya?"

"Buɗe mota."

"Tsaya. Mi ke cikin ƙunshin nan?"

"Tuwo da miya."

"Kuka?"

"Kuka."

"Da daddawa?"

"Ka taɓa jin kuka ba daddawa?"

"To but ɗin mota za ta shiga."

Na ce abincin baƙuwar Inna ba zai zauna wuri ɗaya da tayar safaya ba. A cinyata zan riƙe.

"Malam, wancan watan wani ɗan Ghana ya shigo mini da kifi banda. Kwana ukku fasinja suna rage mini maki a waya. Ka juye ta a roba mai murfi, ka sa a but, mu tafi."

"Roba ta mabarata ce."

"Kai dai taurin kai gare ka. Kyauta fa zan kai ka."

"Riƙe kyautarka. Jirgi ba ya tambayar mutum abin da ya ɗauko."

"Haka ne," in ji shi. "Jirgi kuma ba ya jin 'direba a hankali.'"

Ya ja motarsa, ni kuma na nufi tasha da ƙunshina, ina jin kaina kamar wanda ya ci yaƙi. (Shekarata hamsin da biyu a lokacin. Na faɗa ne don kada wani ya ce ƙuruciya ce.)

Da farko komai ya tafi daidai. Na canja jirgi lafiya, na samu kujera, na ajiye ƙunshin a ƙasa tsakanin ƙafafuna, na matse shi da duga-dugai. Mutane na satar kallon rigata. Na bar su su kalla. Kullum a jirgin nan da shuɗiyar rigar aiki nake shiga, ba mai ganina. Yau ana ganina.

Tafiyar doguwa ce. Bayan an fita daga ƙarƙashin ƙasa sai jirgin ya hau sama yana bin gefen babbar hanya. Na yi ta shirya abin da zan ce wa Hajiya. Zan ce aiki na tafiya daidai. Zan ce sanyi ba ya damuna. Zan tambaye ta ko Inna na tafiya da ƙafarta sosai, ko darbejiyar ƙofar gidanmu na nan.

Muna kusa da isa sai na hango wani babban jirgin sama ta taga, ya sauko ƙasa-ƙasa, tayoyinsa a waje. Zuciyata ta ce shi ne. Ta ce a cikin abin can akwai hannun da jiya-jiya ya riƙe hannun Inna. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Na matsa jikin taga kamar ɗan ƙauyen da bai taɓa ganin jirgi ba.

A nan jirgin ƙasa ya taka birki don shiga tasha.

Birkin ba wani mai ƙarfi ba ne, kada in ɗora wa kowa laifi. Amma duga-dugaina ba sa wurin. Ƙunshin ya zame, ya bugi ƙafar kujera, ya kife. Murfin langa ba ya kullewa, zama kawai yake yi. A gonar Ɗambatta wannan ya isa.

Wanda bai san miyar kuka ba ba zai gane ba. Ruwa in ya zube yana tsayawa wuri ɗaya. Kuka tafiya take yi. Ta fito ta ƙasan ƙyalle, koriya shar, ta miƙe a tsakiyar jirgi a hankali, man shanu na ƙyalli a kanta. Sai daddawa ta tashi. Wata mata mai kayan ma'aikatan jirgin sama ta ɗaga jakarta ta rungume. Wani mai kwat ya ja rigarsa ya rufe hanci, yana tambaya ko wani mugun sinadari ne. Wani ya fara duban maɓallin kiran direba. Ni kuwa ina tsaye da hula da sitaci.

Sai na ga wani tsoho Bature ya dogara sanda ya miƙe, zai sauka. Idonsa na kan ƙofa. Taku uku ne tsakaninsa da miyar.

Ban yi tunani ba. Shekara da shekaru ina goge daɓen mutane, jikina ya riga kaina sanin abin yi. Na ɗaga hannu na ce masa ya kula, ƙasa a jiƙe take. (Duk Turancina ba jimlar da na iya kamar wannan. Ko Baturen asali ba zai fi ni faɗinta ba.) Na duba ba tsumma, ba mofa, ƙyallen ya riga ya jiƙe. Na cire babbar rigar, na ninka ta huɗu, na durƙusa.

Na tare miyar daga gaba, na koro ta baya, na juya rigar, na bi gefe-gefe, na shiga ƙarƙashin kujera. Kafin ƙofa ta rufe tsohon ya fita lafiya. Kafin mu kai tasha ta gaba daɓen nan ya fi yadda na same shi. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne yadda aikin ya yi kyau. Duk wanda ke cikin jirgin ya san sana'ata.

Ina durƙushe na ji murya a kaina, da Hausa.

"Sannu, Baba. Kuka ce ko?"

Na ɗaga kai. Wata mata ce da kayan nas, daga jin harshenta 'yar Jos ce. Tana ƙoƙarin danne dariya, amma idonta ya kawo ruwa.

"Kuka ce."

"Tun da kuka shigo nake jin ƙanshinta. Na ce ko dai kewar gida ce ta fara taɓa ni."

Ta zazzage ledar abincinta ta ba ni. Na cusa rigar a ciki, na ɗaure.

Haka na isa wurin tarar baƙi: 'yar ciki da wando, gwiwoyi biyu kore, hannun riga kore, leda a hannu ɗaya, langa biyu a ɗayan. Na shiga banɗaki na wanke abin da zai wanku. Ruwa ya ƙara baza shi. Na yi tunanin komawa gida in ce jirgi ya makara. Har na juya. Sai na tuna in na tafi, Inna ba ta ga komai ba ke nan.

Hajiya Ladi ta fito ana tura ta a keken tsofaffi. Ta tsufa sosai. Na durƙusa a gabanta, a kan gwiwoyin nan nawa.

"Sannu da zuwa, Hajiya. Ya hanya?"

Ta daɗe tana kallona.

"Kai ne ka yi furfura haka?"

"Ni ne, Hajiya."

"Wannan kuma fa? Faɗa kuka yi da mai tuwo?"

Na gaya mata komai. Ta yi dariya har tana tari, mai tura keken na kallonmu. Sai ta ce in ba ta hannuna. Ta juya tafin, ta shafa kantar da ke wurin, ta duba faratan da ruwan wanki ya cinye.

"Uwarka ta ce in duba mata idonka da hannunka. Wannan hannun ba na biro ba ne."

"Shara nake yi, Hajiya. Don Allah a bar shi a nan."

"An aiko ni in gani. Ba a aiko ni in yi ƙarya ba."

Ta sa na buɗe langa. Tuwon bai yi komai ba. Ta gutsira, ta kalato ɗan abin da ya rage a gindin langar miya, ta kai baki.

"Daddawa ta yi yawa. Hannun uwarka sak."

Sannan ta buɗe jakarta ta miƙo mini wani ƙulli. Garin kuka ne.

"Ita ta daka da kanta. Ta ce wai ko can babu."

Na karɓa. Na rungume ƙullin a ƙirjina.

Da na fito waje, wa zan gani a layin tasi in ba Isufu ba. Ya dube ni, ya dubi ledar. Ya zagaya ya buɗe but. Na sa langa a ciki da hannuna, kusa da tayar safaya.

Kwana biyu ban kira gida ba. A na uku waya ta yi ƙara, lambar ƙanwata, amma muryar Inna ce. Ba ta taɓa fara kirana ba.

"Ana lafiya?"

"Lafiya lau, Inna."

"An ce wani ya zubar da miya a jirgi."

"An yi haka."

"An ce ya goge da rigarsa don kada tsohon mutane ya faɗi."

"Haka ne."

Ina jin kaji a bayanta, da wani yana jan ruwa a rijiyarmu. Na jira maganar shara. Ba ta zo ba.

"Tun yana ƙarami haka yake kai abinci gona, rabi a ciki rabi a hanya," in ji ta. Na ji dariya a muryarta, da wani abu a ƙarƙashin dariyar. "A ce masa ya riƙa shafa man kaɗe a hannun nan. Kuma a ce masa kada ya yar da rigar. Ya zo da ita, ni zan wanke."

Rigar na nan a akwatina. Na wanke ta sau uku, koren bai fita ba, na daina. Akwai mai wanke ta.

Abin da na koya ba shi da yawa. In kana ɗauke da miya, ka bi maganar mai mota, ka sa ta a but. In kuma ka nace sai jirgi, ka zauna a kujerarka, kada ka kalli taga. Na farkon na kiyaye shi har yau. Na biyun ne ya gagare ni.